Rakiyar Mai Tsaron Gida

Har yau idan Lahadi ta yi la'asar ƙafafuna ba sa yarda da zama. Sai in tashi daga tabarma in leƙa ƙofar gida, in dawo, in sake fita, har matata ta tambaye ni ko wani abu na yar. Nan Bobiel da nake zaune yanzu, a wancan zamani gonakin hatsi ne. Mu muna can cikin garin Yamai, bayan kasuwa, a unguwar da mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa suka cakuɗe da Zabarmawan da muka tarar. Ƙasar ba ta daɗe da samun mulkin kai ba, kowa na ji da kansa, mu kuwa abin da muke ji da shi bai wuce ekip ɗinmu ba, wato ƙungiyar ƙwallon unguwarmu.

Kada wani ya ɗauka wata ekip ce ta a zo a gani. Ana cin mu fiye da yadda muke ci. Amma ta girmi tutar ƙasar, kuma sau ɗaya ta taɓa lallasa ekip ɗin sojoji, labarin da muka yi ta ja shekara da shekaru har wanda bai je ba ma yana rantsuwa yana nan. Ni tela ne, kekena na wata rumfa a bakin kasuwa, kuma ni nake ɗinka rigunan wasan. Farin yadi muke saye, in yanka in ɗinka, sai a kai wa wani marini mutumin Damagaram ya tsoma a baba. Rinin ba ya zama sosai. Da ƴan wasa sun yi gumi sai ya zuba, a tashi wasa wuyan kowa shuɗi, hammata shuɗi. Sauran unguwanni suna mana dariya, mu kuma muna cewa wanda wuyansa bai yi shuɗi ba bai yi wasa ba.

Wana, wanda nake bi, shi ne mai tsaron gida. A gareji yake aiki, mutum ne mai nauyin baki, kana iya wuni da shi ba ka ji kalma goma ba. Ni ne mai surutun gidan, ni ne kuma mai saurin hawa. Tun rasuwar mahaifinmu mu uku muke zaune, da shi da ni da Inna.

Abin da ya bambanta mu da kowace ekip a garin shi ne rakiya. Ranar da muka ci, kowa ya kama gabansa, wanda ya ci ba ya rasa abokin tafiya. Amma ranar da aka cinye mu, babu ɗan wasan da zai tafi gida shi kaɗai. Sai mu jira su a bakin fili, su rataya takalmansu a wuya su shiga gaba, mu bi su a baya. Ba kiɗa, ba waƙa, ba mai tayar da zancen wasan. Haka za mu bi gida-gida. Duk wanda ya kai ƙofarsu sai ya juyo ya ce, “Na iso.” Mu kuma mu amsa, “Sai Lahadi.” Sannan mu wuce da sauran. Akwai wani ɗan baya da ke zaune Kirkissoye, hayin kogi, lokacin ba a yi gada ba. Shi a bakin ruwa muke tsayawa, sai kwalekwale ya kai tsakiya yake ɗaga takalmansa sama, mu amsa masa ko yana ji ko ba ya ji. An ce abin ya samo asali ne tun ranar da wani ɗan wasa ya ɓarar da penalti, aka bi shi da ihu ta cikin kasuwa har ya bar garin. Ni ban ga wannan ba, na tarar ana yi ne.

Mai jan rakiyar wani dattijon mahauci ne mutumin Tawa, ƙato, wanda ƙafarsa ba ta taɓa taɓa ƙwallo ba. Baba muke ce masa, babba da yaro. Shi ne a gaban magoya baya, kuma shi ke fara cewa “Sai Lahadi” kafin mu ɗauka.

Sai hukuma ta ce kowace ƙungiya dole ta yi takarda, ta sami shugaba mai biro, wato ofis, da adireshi. Mu da ba mu da ko kujera, ina muka ga biro? A nan wasu Alhazawa biyu suka shigo, wa da ƙane, masu manyan motocin jigilar gyaɗa, waɗanda suka san manya. Suka ce za su taimaka, muka yi ta sa musu albarka. Ba mu ankara ba sai muka ga takardar da sunansu ta fito, ekip ta zama tasu kamar yadda motocinsu suke nasu.

Ba zan ce ba su kashe dukiya ba, sun kashe. Sun kawo riguna rawaya daga Kwatano, masu sheƙi, waɗanda ba sa zuba. Mutane suka ce haushina na rasa ɗinki ne, na ce su faɗi abin da suke so, rawaya dai ba launinmu ba ne. Suka ɗauko ƴan wasa daga wasu garuruwa, waɗanda ba su san ko hanyar masallacin unguwar ba. Suka sallami mutumin Kirkissoye, wai kwalekwale na sa shi makara. Duk wannan mun haɗiye. Da a ce ana ci ma da sauƙi, amma cin da ake mana sai ya ƙaru, don baƙin ba su san juna ba, kuma Alhaji ƙarami ke zaɓen wanda zai shiga, shi da bai san bambancin ɗan gaba da ɗan baya ba.

Abin da ya ƙi haɗiyuwa shi ne kamiyo, motar nan ta ɗaukar kaya. Wata Lahadi aka cinye mu, muka taru a bakin fili kamar kullum, Baba na gaba. Sai ga babbar motar Alhazawan ta fito daga ciki da ƴan wasa a baya, ta wuce mu, ta bar mu da hayaƙi. Na hango wana a tsaye yana riƙe da ƙarfe, ya juya fuskarsa wancan gefen. Da Baba ya je ya yi magana washegari, Alhaji ƙarami ya gaya masa a gaban mutane cewa wannan ƙauyanci ne, ekip ta zamani ba ta yawo a titi da takalma a wuya kamar masu rakiyar gawa. Wai daga yanzu mota za ta kai ƴan wasa gidansu na Alhazawan, su sha lemo, kowa ya watse daga can.

A ranar muka taru a rumfar Baba bayan la'asar. Bai yi dogon jawabi ba. Ya ajiye wuƙarsa, ya rantse da Allah cewa muddin ekip na hannun mutanen nan, ƙafarsa ba za ta shiga fili ba, kuma ba zai raka kowa ba. Muka bi ɗaya bayan ɗaya muna rantsuwa, ni ne ma na biyu, don ba na iya jira. Aka kuma aika wa ƴan unguwa da suka rage cikin ekip cewa su fito. Kafin wata ya ƙare duk sun fito, sai mutum ɗaya, wana.

Na same shi a tsakar gida yana wanke hannu da kananzir, na tsaya a kansa.

“Yaya, mi kake nema wurinsu?”

“Ba wurinsu nike ba,” ya ce. “Cikin raga nike.”

“Ragar ma ai tasu ce yanzu.”

“To, su zo su tsaya ciki.”

Iyakar abin da na samu ke nan. Na yi ta faɗa har Inna ta leƙo ta ce in rage murya, maƙwabta na ji. Shi kuwa ya gama wanke hannunsa ya shige ɗaki. Ba wani abu suke ba shi da zai riƙe mutum ba, aikinsa na gareji ya ishe shi. Na juya abin ta kowace fuska ban gane ba, kuma rashin ganewar ya fi komai ci mini rai.

Unguwa ta juya masa baya, amma irin juyawar mutanen da suka san darajar gidanku. Ba wanda ya zage shi. Gaisuwa ce ta gajarce. In ya zo majalisa sai hira ta koma kan tsadar goro. Inna in ta aika sayen nama, Baba bai rage mata gyara ba ko sau ɗaya, amma ya daina cewa a gaishe da mai tsaron gida. Inna ba ta taɓa kallon ƙwallo ba, ba ta san ma yadda ake ci ba. Da can da ƙarar ƙafafu take gane sakamako: in ta ji taro a ƙofar gida ta san an cinye mu, sai ta ƙara masa tuwo. Yanzu kuwa sai dai ta ga ya shigo ta lungun baya shi kaɗai, ya ajiye takalma, ba ta san ko ta yi masa barka ko jaje ba. Wata rana ta ce da ni ƙofar gidan nan ta yi shiru da yawa ran Lahadi. Na yi kamar ban ji ba.

Akwai abu ɗaya da na sani wanda sauran ba su sani ba. Tun da aka shiga takarda, mai tsaron gida ba ya sa launin ekip, dole rigarsa ta bambanta. Alhazawan sun ba shi wata baƙa, bai taɓa sa ta ba. Tsohuwar shuɗiyar nan yake sawa, mai dogon hannu, wadda na ɗinka masa da kaina. Duk ran Litinin sai in tarar da ita a kan kekena, ta yage a kafaɗa ko a gwiwar hannu. In ɗinke in mayar masa kan gadonsa. Ban gaya wa kowa ba. Da na faɗa sai a ce ina nema wa ɗan'uwana sassauci, ni kuwa a lokacin na fi kowa jin haushinsa.

Mun rantse ba za mu shiga ba, amma ba mu iya zama gida ba. Filin an kewaye shi da zana, a waje kuma akwai wata babbar bishiyar dogon yaro. Nan muka mayar wurin zamanmu. Kowace Lahadi sai mu taru a gindinta mu ba zana baya, wai mu hira muka zo yi. Ƙarya muke, kunnuwanmu duk suna ciki. Da ihun mutanen wancan gefe muke gane an zura mana, namu gefen kuwa ba kowa, ko an ci ba mai yin ihun. Ni ba na iya zama ma. In tashi in zaga bishiyar, in je bakin zana in dawo, in karya tsinke in jefar, har Baba ya ce in zauna ina sa shi jiri. In aka yi ihu sai rabin zuciyata ta ce Allah ya ƙara, su gani, ɗaya rabin kuma tana ganin wana kwance a ƙasa yana kallon ƙwallo cikin raga. Ban taɓa shan wahalar kallo irin ta wasan da ban gani ba.

Har yau ina ganin muna da gaskiya. Abin da mutane suka gina da ƙafarsu, ba daidai ba ne wani ya zo da takarda ya ɗauke. Amma gaskiyar tamu ba ta hana ekip ɗin zamewa ba, sai gangarawa take, har aka zo wasan ƙarshe na shekara. In aka cinye mu, mun faɗo daga sahun manyan ekip na gari. Kuma zance ya riga ya bazu a kasuwa cewa Alhazawan sun gama shiri da wani babban mutum, za su kwashe baƙin ƴan wasansu su koma wata ekip, tamu kuma a soke takardarta. Kowa ya san in aka faɗi ranar, babu wata Lahadi.

Da mutanen wata unguwa ta bakin kogi aka buga, masu baki kamar reza. Ba a daɗe da farawa ba aka yi ihun farko. Sai na biyu. Bayan hutu na daina ƙirgawa. A gindin bishiya mutumin Kirkissoye da aka sallama yana zaune kusa da ni yana ta tona ƙasa da ɗan yatsa. Tun ba a tashi ba ƙaramar motar Alhazawan ta fito, babban na kallon gabansa kamar bai san da mu ba. Da aka busa tashi sai kamiyo ya biyo baya, rawaya cike da bayansa. Na duba, na sake dubawa, wana ba ya ciki. Mai tsaron ƙofa ya matso ya gaya mana cewa Alhaji ƙarami ya ɗora masa laifin duka, ya ce hannunsa ya mutu, babu wurinsa a mota.

Mutanen bakin kogi suka fito suna waƙa, amma ba su watse ba. Suka jeru gefen babban titi, hanyar da ta ratsa kasuwa, don su ma sun ga wanda motar ta bari.

Shi ne na ƙarshen fitowa. Takalma a wuya, gwiwar hannu na jini, rigar ta jiƙe sharkaf, wuyansa shuɗi har bayan kunne. Ya gan mu, bai tsaya ba, bai yi gaisuwa ba. Na zaci zai bi lungun da ya saba, sai na ga ya miƙe babban titi, hanyar da ake bi da rakiya. Nan take aka fara masa. Wani ya ce ga rariya nan tafe, wani ya ce a ba shi kwando ya riƙa, aka bushe da dariya. Ni na riga na miƙe tsaye ban sani ba, rantsuwa ta riƙe mini ƙafa.

Baba ya daɗe yana kallon bayansa, sannan ya ce, “Wace riga ce waccan?”

Na ce, “Tamu ce, Baba. Shekarar ga duk ita yake sawa.”

“Kai ka sani?”

“Ni nike ɗinke ta.”

Baba ya dafa gwiwa ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa. Wani daga baya ya tuna masa cewa mun fa yi rantsuwa, kuma takarda har yanzu tana hannun mutanen.

“Na sani,” in ji Baba. “Kaffara ciyar da mutum goma ce. Ni mahauci ne. Wanda bai da hali, tashi kaffarar ma na ɗauka.”

Ya bi titi, muka bi shi. Ba duka ba, wasu sun zauna, kuma ban ga laifinsu ba. Muka cim ma wana muka jeru a bayansa kamar yadda aka saba, ba kiɗa ba waƙa. Na san ya ji ƙafafunmu, don na ga kafaɗunsa sun sauka, amma bai waiwayo ba. Masu dariya suka ɗan ci gaba, sai abin ya fara yi musu nauyi a baki, ɗaya bayan ɗaya suka yi shiru suka ba mu hanya. Muka ratsa kasuwa ana kwashe kaya, mata masu tuya suna bin mu da kallo. Da can rakiya takan ɗauke mu lokaci, gida-gida har bakin kogi. Ranar gida ɗaya ne, kuma na ga Baba sai rage sauri yake.

Muka iso ƙofar gidanmu. Wana ya tsaya a bakin zaure ya juyo, ya dube mu. Muka jira.

Ya buɗe baki, ya rufe. Nan na gane, kuma na ga kowa ya gane: in ya ce ya iso, dole mu ba shi amsa, amsar kuwa babu ita. Muddin bai faɗa ba, ekip ɗin na nan, ga ɗan wasanta, ga magoya bayanta. Sai muka tsaya haka, shi yana riƙe da igiyar takalmansa, mu muna kallon wuyansa. Ni da ba na iya tsayuwa wuri ɗaya, ranar ko motsi ban yi ba. Na ji tausayinsa, na ji tausayin kanmu. Aka kira magariba a masallacin unguwa, ba wanda ya gusa.

Inna ce ta fito daga zaure da buta a hannu. Ta ji ƙafafun da ta daɗe ba ta ji ba. Ta dubi ɗanta, ta dubi taron, ta miƙa masa butar.

“Ya iso,” ta ce. “Ku tahi ku yi salla.”

Duk muka juya wajen Baba, don shi ke farawa. Ya gyara murya, ya sake gyarawa. Sai ya ɗaga wa wana hannu kawai, ya juya ya nufi masallaci, mutane suka bi shi.

Ran Juma'a Baba ya yanka abin da ya yanka, mabukata suka ci a rumfarsa har da na kaiwa gida. Takardar kuwa an soke ta kamar yadda aka faɗa, Alhazawan suka tafi da rawayarsu. Amma tun kafin wannan, ran Litinin da safe, na je rumfa na tarar da shuɗiyar rigar a kan kekena, ta yage a gwiwar hannu. Na zare zare na ɗinke ta, na kai masa kan gadonsa. Ba a sake sa ta ba.